A kula da adireshin tsofaffin labarai kafin a sabunta shafin jarida

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sanarwar da kuka fitar cewa za ku sake gina shafin jaridarku na intanet, ku kuma ƙara masa sassa na bidiyo da kasuwanci da ilimi, kuma na yi murna da hakan domin shafin ya daɗe yana buƙatar gyara, musamman ga mai karatu a waya. Sai dai kasancewar gina shafukan intanet ita ce sana'ata, na ga ya wajaba in ja hankalinku a kan abin da masu irin wannan aiki suka fi mantawa da shi, wato matsayin da labaranku suka riga suka samu a sakamakon binciken Google, wanda aikin mako guda zai iya zubar da shi alhali an yi shekaru ana tara shi.

Google bai damu da kalar shafi ko kyawun tambari ba. Abin da ya sani shi ne adireshin kowane labari ɗaya bayan ɗaya, da abin da ke rubuce a ƙarƙashinsa, da yawa da ingancin sauran shafukan da suka ɗora mahaɗi zuwa gare shi, wato rubutun da ake dannawa ya kai mutum can. A kan wannan tunani Larry Page da Sergey Brin suka gina tsarin PageRank a Jami'ar Stanford kafin su kafa kamfanin a 1998, kuma duk da ma'aunan da aka ƙara daga baya, mahaɗi bai daina zama shaida ba. Saboda haka idan wani ya rubuta tarihin wata masarauta a Wikipedia ta Hausa ya kafa hujja da rahotonku, ko wani shafi ya ambaci hirar da kuka yi da manoman shinkafa shekarun baya, darajar da hakan ta jawo tana rataye ne a wuyan wancan adireshi. Ranar da adireshin ya canza ba tare da an bar umarnin da zai kai mutum sabon wurin ba, mai karatu zai tarar da lambar 404, alamar cewa babu abin da yake nema, manhajar Googlebot da ke zagaya shafuka ita ma za ta tarar da hakan, bayan ɗan lokaci kuma labarin ya fita daga sakamakon bincike. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Wannan matsala ba ta ƙananan shafuka ba ce kaɗai. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar da rahoto a 2024 da ya nuna cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke nan a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara 10, kuma kashi 54 cikin ɗari na shafukan Wikipedia da ta duba suna da aƙalla mahaɗi ɗaya da ya mutu a sashen madogara. Harshen da rubutunsa ya cika intanet zai iya jure irin wannan asara. Hausa kuwa, sau da yawa rahoton jarida ɗaya shi ne kaɗai abin da aka rubuta da ita a kan wani lamari na wani gari, don haka mutuwar adireshinsa ta fi ƙarfin asarar talla.

Maganin farko shi ne kada a taɓa adireshin da ba dole. Tun a 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya rubuta cewa kyakkyawan adireshi shi ne wanda ba ya canzawa. Ana iya sauya fasalin shafi gaba ɗaya, a sauya sabar da ke ɗauke da shi, adireshin labarai yana nan yadda yake, muddin an gindaya wa mai aikin wannan sharaɗi tun kafin ya fara. A manhajar WordPress, wadda jaridu da yawa ke aiki da ita, akwai wurin da ake zaɓar ko adireshi zai ɗauki shekara da wata ko kuwa taken labari kawai, kuma dannawa ɗaya a wurin tana sauya adireshin dukan abin da aka taɓa wallafawa. Mai zanen shafi yakan danna shi don ya ga sabon tsarin ya fi kyan gani, ba tare da ya sanar da kowa ba.

Idan kuwa canjin ya zama dole, to aikin da ke gabanku shi ne jeri. A buɗe takardar lissafi mai layi biyu, a gefe ɗaya a sa kowane tsohon adireshi, a ɗaya gefen a sa sabon da zai maye gurbinsa, sannan a ɗora umarnin karkatarwa mai lamba 301 a kan kowanne, wanda ke shaida wa injin bincike cewa labarin ya ƙaura har abada, ya kwashi darajarsa ya bi shi da ita. Lambar 302 ta ƙaurar wucin gadi ce, ba ita ake buƙata a nan ba. Ana tattara tsofaffin adireshin daga taswirar shafin ta yanzu, wato fayil ɗin da ke jera adireshin labaransa, da bayanan sabar, da kuma Google Search Console, dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike, wanda kyauta ne kuma yana ajiye bayanan wata 16 na labaran da mutane suka fi shigowa ta kansu. Aikin yana da gajiyarwa, shi ya sa ake yawan yanke hanya a karkatar da komai zuwa shafin farko. Ina roƙonku da ku ƙi wannan dabara ko da an ce muku ta fi sauƙi. Ɗan kasuwar da ya tashi daga shagonsa yakan bar wa maƙwabci lambar sabon shagon, ba ya cewa a tura masu nemansa bakin ƙofar kasuwa su yi ta lalube. Google kansa ya bayyana cewa yana iya ɗaukar irin wannan karkatarwa tamkar shafin ya ɓace ne, ga shi kuma mai neman labarin ambaliyar wata shekara ba zai amfana da kanun labaran yau ba.

Akwai wani tarko da ya shafi rubutunmu kai tsaye. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ ba sa shiga adireshi yadda ido ke ganinsu, kwamfuta tana mayar da ƙ zuwa %C6%99, ɗ zuwa %C9%97, ɓ kuma zuwa %C9%93. Wata manhajar tana barin su haka, wata tana mayar da su k da d da b, wata kuma tana share su gaba ɗaya. Idan tsohon shafinku da sabon ba su bi ƙa'ida ɗaya ba, duk labarin da takensa ke da kalmar ƙasa ko ɗalibi ko ɓarna zai sami sabon adireshi ba tare da kowa ya yi niyya ba, kuma mai aikin da ya yi gwaji da taken Turanci ba zai taɓa lura ba. Ya kamata a zaɓi labarai masu irin waɗannan haruffa a gwada su da hannu kafin ranar buɗewa.

Manyan gidaje sun nuna cewa abin yana yiwuwa. A Yulin 2013 jaridar Guardian ta Birtaniya ta tashi daga guardian.co.uk ta koma theguardian.com, kuma tsofaffin adireshinta suka ci gaba da kai mutum ga labarin da yake nema. Haka gwamnatin Birtaniya ta yi a Oktoban 2012 lokacin da ta buɗe shafin GOV.UK a madadin tsofaffin shafukanta na Directgov da Business Link, ta ɗauki karkatar da tsofaffin adireshi a matsayin ɓangare na aikin kansa. Idan ku ma kuna da niyyar sauya sunan shafin a adireshi kamar yadda Guardian ta yi, akwai wurin sanar da canjin adireshi a Search Console, amma shawarar Google ita ce a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, don haka kada a haɗa sauya suna da sauya fasali da sauya manhaja a dare ɗaya, domin idan masu shigowa suka ragu ba za a gane wanne ne ya jawo ba. Kada kuma a bar tsohon suna ya kuɓuce don gudun kuɗin sabunta rajista, tunda Google ya ba da shawarar a bar karkatarwa aƙalla shekara ɗaya, ni kuwa a ganina jarida ba ta da dalilin cire ta ko bayan shekara goma.

Game da faɗaɗawar, sababbin sassa ba sa cutar da tsofaffi sai idan sun binne su ko sun maimaita su. Labari ɗaya kada ya fito da adireshi biyu don kawai ya shiga sashen kasuwanci da na noma, idan kuma hakan ta faru a sa alamar da ke nuna wa injin bincike wanne ne na asali. Rumbun tsofaffin labarai ya kasance ana iya isa gare shi ta mahaɗai daga cikin shafin, kuma duk abin da ke fitowa a kwamfuta ya fito a waya, domin a 2023 Google ya sanar da kammala komawa ga auna shafuka ta fuskar da suke nunawa a waya.

Ranar buɗewa tana da nata haɗarin. Yayin gini ana rufe shafin gwaji daga idon injunan bincike, ko da umarnin noindex, ko da fayil ɗin robots.txt, ko da wani ɗan akwati da ake latsawa a saitin WordPress, kuma sau da yawa akan kwashe shafin zuwa bainar jama'a da wannan kulle a jikinsa. Shafin zai buɗe lafiya, ma'aikata su yi ta taya juna murna, alhali an gaya wa Google ya kauce. A sa mutum ɗaya takamaimai ya duba wannan a ranar, ya miƙa sabuwar taswirar shafi a Search Console, sannan ya riƙa duba rahoton adireshin da suka ɓace kullum a makonnin farko yana gyarawa. Ɗan hawa da sauka a sakamakon bincike a wannan lokaci ba abin tsoro ba ne, Google ya ce matsakaicin shafi yakan ɗauki 'yan makonni kafin ya daidaita. A zaɓi lokacin da masu karatu suka fi ƙaranci, nesa da zaɓe ko wani babban taro.

Buƙatata gare ku ita ce a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin yarjejeniyar da za ku yi da kamfanin da zai yi aikin, kuma a riƙe kason ƙarshe na kuɗinsa har sai wani daga ɗakin labaranku ya ɗauki tsofaffin adireshi daga shekaru daban-daban, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowanne ya kai shi ga labarin da ya dace.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Kano