Kafin a yi wa yaro rajista, a leƙa ban-ɗakin makarantar

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan uwana iyaye masu neman wa yara gurbin aji ɗaya, kan a duba muhallin makaranta kafin a bi sunanta.

Da 'yata ta fari ta isa shiga firamare, ban yi wani dogon bincike ba. Makarantar da kowa ke yabo na kai ta, wadda ake cewa ɗalibanta ba sa faɗuwa jarrabawa. Ranar rajista ofishin hedimasta kaɗai na shiga, na ga kofuna jere a kan kabad, na sa hannu na fito ina murna.

Ba a yi wata uku ba na lura yarinyar tana dawowa da gorar ruwanta yadda na cika mata ita da safe. Kuma da ta shigo gida ko takalmi ba ta tsayawa cirewa, sai ta wuce ban-ɗaki a guje. Da na matsa mata, sai ta ce ƙofar na makaranta ba ta rufuwa, ga wari, shi ya sa ba ta shan ruwa don kada fitsari ya kama ta. Yarinya 'yar shekara shida ta wuni da ƙishi, ni kuwa ina ta duba maki a littafinta.

Washegari na je ba sanarwa. Ajinsu yana jikin katangar da ke bakin babban titi. A cikin minti ashirin da na yi a bakin taga, sau huɗu malamar ta yi shiru da alli a hannu tana jiran babbar mota ta wuce, kafin ta dawo kan magana hankalin na bayan aji ya riga ya tafi. Malamar ƙwararriya ce, wannan ba na musu. Amma wa yake jin ta?

Ashe abin ba sabo ba ne. A 1975 wata mai bincike, Arline Bronzaft, ta auna iya karatun yaran wata firamare da ke gefen layin dogo a birnin New York na Amurka. Ta tarar waɗanda ajinsu ke fuskantar jirgin suna bayan takwarorinsu na ɗaya ɓangaren ginin, 'yan aji shida ma ratarsu ta kusa shekara guda. Da aka shimfiɗa roba a layin dogon, aka yi wa azuzuwan silin mai shanye ƙara, sai ratar ta ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta ita ce hayaniyar da ke shiga aji kada ta wuce desibel 35 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato shirun da ɗan na can ƙarshen benci zai ji malami ba sai an ɗaga murya ba.

Shi kansa sunan da muke bi, daga ina yake zuwa? Rahoton Coleman na 1966, wanda ya bibiyi dubban ɗaruruwan ɗalibai a Amurka, ya nuna gidan da yaro ya fito ya fi bayyana sakamakonsa fiye da bambancin kayan aiki tsakanin makarantu. Na ga haka da idona. Yawancin yaran da ke ɗauko kofunan nan suna da malamin darasi a gida da yamma. Makaranta ta karɓi yabo, iyaye suka yi rabin aikin.

Kada a ce ina tallan fenti da furanni. Na shiga wata makaranta mai kyan ɗan maciji, ga lilo ga ciyawa, na buɗe littafin wani yaro na ga mako uku ba jan biro ko ɗaya a ciki. Wannan ko kyauta ne ba na so. Abin da nake nufi da muhalli shi ne ruwan sha, ban-ɗaki mai ƙofa, taga mai shigo da iska, inuwar da za a zauna lokacin tara, da hanyar da yaro zai bi ba tare da ya tsallaka titin manyan motoci ba. Har da nisa, domin ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, wanda kuwa ake tasa da duhu don ya kama mota, a aji zai rama.

Da ƙaninta ya isa, sai na je makarantu uku, duk lokacin tara, na tsaya ina kallon yadda yara ke wasa da ko akwai babba a kusa da su. Na zaɓi wadda ba ta da kofi ko ɗaya, na kuma mayar da yayarsa can. Dangi sun yi ta surutu, wai na sauke ta daga doki na ɗora ta kan jaki. Gaskiya lissafinta ya ɗan ja baya a zangon farko, sai da muka riƙa zama da ita da daddare. Yanzu tana aji biyar, tana karanta wa ƙaninta labari, gorarta kuma wayam take dawowa.

Wata uwa mai 'ya'ya biyu