Zuwa ga abokan cinikinmu: dalilin da ya sa muka daina murɗa sukurun regileta mu tafi

Assalamu alaikum, Alhazai da Hajiyoyi masu masana'antu, manajoji, da injiniyoyin da muke haɗuwa da ku a ɗakin boyila da bakin tankin gas. Ya kasuwa, ya fama da tsadar dizal? Allah Ya sa a dace.

Mun rubuto ne a kan wani sauyi da muka yi a tsarin aikinmu, wanda ya riga ya ɓata wa wasunku rai. Daga yanzu, idan aka kira mu cewa regileta, wato bawul ɗin da ke rage matsin tururi ko gas, tana barin matsi ya haura, ba za mu ƙara murɗa sukurun da ke kanta mu karɓi kuɗin mota mu kama gabanmu ba. Ko dai a tsayar da layin mu buɗe ta, ko mu bar muku takarda da sa hannunmu cewa mun ba da shawarar a tsayar. Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Kudenda ya ce mini, "Injiniya, da can ai minti biyar kake yi, yau kuma sai an kashe boyila?" Gaskiyarsa ne, haka muke yi da. Don haka bari in yi bayanin da ban samu sukunin yi masa a tsaye ba.

Babu wani sihiri a cikin regileta. Akwai sifirin da ke danna wani faifan roba ko na ƙarfe, wanda muke kira dayafuram, daga sama. Matsin da ya fita ta gaban bawul ɗin shi kuma yana tura faifan daga ƙasa. Idan matsin ya yi ƙasa, sifirin ya rinjaya, bawul ya buɗe. Idan ya kai yadda ake so, faifan ya ɗago, toshiyar ta koma ta zauna a kan mazauninta, hanya ta rufe. Sukurun nan na sama aikinsa ɗaya ne, ƙara wa sifirin ƙarfi ko rage masa. Ba ya gyara komai. In ƙwayar yashi ta maƙale a mazaunin, ko tururi ya yi masa zaizaya, toshiyar ba za ta rufe ruf ba ko da an kwance sukurun baki ɗaya. Da rana ba za ku lura ba, domin injuna suna shanye abin da ke yoyon. Sai an tashi aiki an rufe famfunan gaba, sannan matsin ya riƙa hawa a hankali, har ya kusanci na boyila ko na tanki, a kan kayan da ba a ƙera su don ɗaukar wannan nauyi ba.

Akwai gwajin da yaronku mai kula da layi zai iya yi ba sai mun zo ba. Ya rufe bawul ɗin da ke gaba da regileta sannu a hankali, ya zuba wa geji, wato agogon auna matsi, ido. Idan allura ta ɗan ɗaga ta tsaya cik, lafiya lau, haka take yi. Idan kuwa tana ta tafiyar hawainiya ba ta tsayawa, mazaunin ya tafi, a kira mu. Wannan gwaji ba ya yiwuwa sai da geji mai aiki, kuma mun sha shiga wurare mu tarar da allura ta mutu a wuri guda, gilashin ya dushe da ƙura, ba wanda ya tuna yaushe aka duba shi. Geji biyu ake so, ɗaya kafin regileta, ɗaya bayanta. A lura kuma da ma'aunin da ke rubuce a fuskarsa: bar 1 kusan psi 14.5 ne, kuma mun taɓa ganin mai gadin boyila yana karanta jan rubutu alhali baƙin aka ce ya bi.

Kada in ɗora laifi duka a kanku, mu ma mun yi namu. Shekarun baya mun ɗaura regiletar tururi a wani ƙaramin kamfani. Mai wurin ya ce kuɗi sun yi yawa, a cire rariyar tace dattin bututu daga lissafi, mu kuma don kada aikin ya kuɓuce mana muka yarda. Bututun sabo ne, an gama walda ba a busa shi ba. Bai cika wata biyu ba aka kira mu. Da muka buɗe, sai ga ɗan guntun kashin walda, bai kai ƙwayar gero ba, ya tsaga mazaunin kamar an ja masa reza. Kuɗin kayan gyaran ya ninka na rariyar da aka ƙi saye, kuma daga aljihunmu ya fita, domin mu ne ya kamata mu ce a'a tun farko. Tun daga nan ba ma ɗaura regileta babu rariya kafin ita. A layin tururi kuma a kwance muke sa kwandon rariyar, ta gefe, don kada ruwa ya taru a ciki, sannan mu sa tarkon da ke fitar da ruwan tururi kafin bawul. Wannan ƙarar da kuke ji da safe idan an buɗe layi, kamar ana dukan bututu da guduma, ruwa ne da ya kwana a ciki tururi ke wurgowa, kuma regileta ce ke shan dukan.

Sai maganar bawul ɗin sefti, mai fitar da tururi waje idan matsi ya wuce iyaka, wadda ita ce ta fi damuna. Regileta tana rage matsi ne, amma ranar da ta gaza, sefti ne kawai ke tsakanin boyila da tukunyar turara shinkafarku. Tururi a bar 10 zafinsa ya kai digiri 184, a bar 3 kuwa kusan 144. Wanda ya taɓa ganin ƙunar tururi ba ya son a maimaita masa. Duk da haka mun je wani wuri muka tarar an kwance sefti an ɗaura toshiya a gurbinsa, wai yana damun ma'aikata da huci. Hucin nan shi ne labarin da yake ba ku cewa regileta ta lalace. A wani wurin kuma baifas, wato bututun da ke kewaye regileta, muka samu a buɗe rabi, an ce tun bara aka bar shi haka don tururi ba ya isa. Duk inda muka sake ganin irin wannan, ba za mu taɓa layin ba sai an mayar da sefti, an kuma saita shi ƙasa da iyakar abin da mafi raunin kayan gaba zai iya ɗauka.

Ga masu gidajen burodi, otal da gidajen abinci da suka koma gas, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naku ya ɗan bambanta. A jikin regiletar gas akwai wata 'yar ƙofar shan iska a saman dayafuram. Idan ta toshe, faifan ba ya motsi yadda ya kamata, wuta ta riƙa yin sama da ƙasa. Kun san wa ya fi toshe mana ita a garin nan? Zanzaro. A wani gidan burodi a Tudun Wada an canza kawunan murhu har biyu ana zargin su, ashe gidan laka ne zanzaro ya gina a cikin ƙofar, da tsutsarsa a ciki. Tsinke da 'yar raga suka magance abin. Ƙofar nan ta riƙa kallon ƙasa saboda ruwan damina, a kuma leƙa ta bayan ƙurar hunturu. Ku tuna matsin tanki yana bin zafin rana: furofen, wani nau'in gas ɗin tanki, da ke kusan bar 7 a digiri 20 yakan kai kusan bar 13 a digiri 40, don haka regiletar da ta yi shiru a Disamba tana iya nuna halinta a Maris da Afrilu. Yoyo kuwa da ruwan sabulu ake nemansa, ba da ashana ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasa, a kwata da rami, inda hanci ba ya saurin kaiwa. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar gas ta Sabon Tasha a Janairun 2020 ba.

Wasunku sukan zo mana da bawul a hannu, sun samo a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, da araha. Ba mu raina kayan Panteka ba, mu ma can muke samun abubuwa da dama, kuma akwai tsofaffin bawuloli masu ƙwari da suka fito daga masaƙun Kakuri bayan sun rufe. Matsalar ita ce girma. Bawul ɗin da aka zaɓa don layin masaƙa ya fi ƙarfin ƙaramar boyila. Idan ya yi girma, kullum yana aiki ne a ɗan buɗe kaɗan, allura na rawa, tururi na yanka mazaunin ta wannan siririyar hanya. Ba da faɗin bututu ake zaɓen regileta ba. Abin da muke buƙata shi ne matsin shiga, matsin da ake so ya fita, da yawan abin da ke wucewa a awa, mafi yawa da mafi ƙaranci. Sau da yawa wadda ta dace takan fi bututun ƙanƙanta, mai wuri ya ɗauka ƙwauro muke masa. Masu tambaya game da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano kuma, kada ku sayi komai tukuna da sunan shiri. Iskar gas ta bututu da gas ɗin tanki ba saiti ɗaya suke ci ba.

Batun kuɗi a taƙaice: dayafuram, sifirin da mazauni daga waje suke zuwa, dala ce ke yanke farashinsu, shi ya sa takardar farashinmu ba ta wuce mako biyu. Ba ma yanka robar tayar mota mu yi dayafuram, ko da an roƙe mu. Duk abin da muka cire za mu miƙa muku a leda ku gani da idonku, tare da takardar saitin da muka bari da ranar da ya kamata a sake dubawa.

Idan za ku kira mu, ku fara ɗaukar hoton farantin da ke jikin bawul ɗin, mai ɗauke da lambobinsa, da hoton geji biyun, ku turo ta WhatsApp. Wannan yana hana mu zuwa Kudenda ko Mando da kayan da ba su dace ba. In fenti ya rufe farantin, a goge da tsumma da kananzir, kada a kankare da wuƙa, lambobin kan tafi. Ranar Juma'a muna rufe shago daga ƙarfe 12 zuwa 3, amma idan warin gas ne, a rufe tanki, a fitar da mutane, kada a taɓa makunnin lantarki, sannan a buga mana ko da tsakar dare ne.

Naku,
Shugaban aiki, a madadin dukkan yaran shago
Kakuri, Kaduna