Masu cutar siliyak su nemi juna, amma su tantance ƙungiyar da za su shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu yi magana kan cutar siliyak, wadda ke kama kusan mutum 1 cikin 100 a duniya. Mai ita idan ya ci gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir da hatsin rai (rye, wani dangin alkama), sai garkuwar jikinsa ta afka wa bangon ƙaramin hanjinsa, abinci ya daina amfanar jiki. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini da rama, yara kuma su tsumbure. Magani ɗaya ne: barin gulutin har ƙarshen rayuwa. Likita zai faɗi haka a taƙaice, amma yadda ake yi kullum a wajen girki, waɗanda suka daɗe da cutar su suka fi sani.

A fara cigiyar masu cutar a asibitin da aka yi gwaji. Likitan ciki da masanin abinci sun san sauran masu cutar, za su iya haɗa su idan kowa ya amince. A leƙa sashen masu ciwon suga nau'i na 1, domin cutukan biyu kan haɗu a jikin mutum ɗaya. Shafukan intanet na ƙungiyoyin Coeliac UK da Celiac Disease Foundation kuma suna da ingantaccen bayani.

Tantancewa ce babban aiki. Duk ƙungiyar da ta ce a bar alkama tukuna a gani kafin gwaji, a guje ta, don gwajin jini na tTG-IgA da na ɗan naman hanji na iya fitowa kalau idan an riga an daina ci. Haka mai tallar maganin wanke hanji, da mai cewa ɗan kaɗan ba ya komai. Ƙa'idar Codex, wato ƙa'idar abinci ta duniya, ba ta yarda a kira abinci marar gulutin ba idan gulutin da ke cikinsa ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Ɓurɓushin burodi a wuƙa, rariyar da aka tankaɗe fulawa da ita, man da aka soya abin fulawa a ciki, injin da ya niƙa alkama: ta nan ciwon ke dawowa.

Idan ba a samu ƙungiya ba, mutum uku sun isa su kafa. Su riƙa zama sau ɗaya a wata tare da masanin abinci, kowa ya zo da kwalin abin da yake saya a karanta abin da aka haɗa shi da shi. A kuma tura iyaye, 'ya'ya da 'yan'uwa na jini gwaji, domin a cikinsu kusan 1 cikin 10 kan kamu.

Daga wasu ma'aikatan lafiya masu kula da abincin marasa lafiya