Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sakataren 'yan layinmu: a kashe wutar tukuna, a bi bashin daga baya

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar, a taron 'yan kasuwa, ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tunda mun yanke shawarar sayen tankar ruwa da ɗaukar samari masu gadin gobara, kowane shago kuma zai riƙa biyan kuɗin wata, yaya za a yi da wanda ya ƙi biya idan wuta ta kama shagonsa? Ka ce a Amurka ma barin gidan irin wannan ake yi ya ƙone, kuma in ba a yi haka ba, babu wanda zai biya. Magariba ta tsayar da taron kafin in ba ka amsa, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Amsata ita ce a kashe. Ko sisi bai taɓa bayarwa ba, a kashe.

Labarin da ka kawo gaskiya ne, amma rabinsa ka faɗa. A watan Satumba na 2010 abin ya faru a gundumar Obion ta jihar Tenesi. Garin South Fulton yana da 'yan kwana-kwana, mutanen karkarar da ke wajen garin kuma sai sun biya dala 75 a shekara kafin a zo musu. Wani magidanci bai biya na shekarar ba. Wuta ta tashi daga sharar da ake ƙonawa ta kama gidansa, ya yi waya ya ce zai biya ko nawa ne, aka ƙi. Motar ba ta fito ba sai da wutar ta doshi filin maƙwabcinsa wanda ya biya. Gidan ya ƙone ƙurmus har da dabbobin da ke ciki. A ƙarshen 2011 aka sake yin irin haka da wani gidan. Ragowar labarin shi ne a 2012 garin ya canza doka: za a je wa kowa, amma wanda bai biya ba za a aika masa takardar dala 3,500. Su da suka gwada hanyar da kake so, sun bar ta.

Kuma ka lura, can gidaje ne a warwatse cikin gonaki. Mu fa? Ka shiga kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a nan Bauchi ka duba. Bango ɗaya ne tsakanin shago da shago, kwano ɗaya ya rufe layi guda, katakon rufin ya sarƙe daga wannan kai zuwa wancan. Na yi shekaru ina riƙe da mesa a aikin kashe gobara kafin in yi ritaya in buɗe shago, kuma abin da na gani da idona shi ne wutar kasuwa ta sama take bi, tsakanin silin da kwano, inda ba a ganinta. Kana tsaye kana kallon shago na uku, ita ta riga ta kai na bakwai. In hunturu ne, iska na kaɗawa, atamfa da katifa da robobi sun bushe ƙayau, mintunan farko su ne komai. Wanda ya tsaya buɗe littafi yana neman sunan mai shago ya ba wutar kyautar layin gaba ɗaya, har da shagunan waɗanda ba su taɓa fashin biya ba. Gemun ɗan'uwanka ne ya kama, kuma naka a manne yake da nasa.

Akwai kuma abin da ya fi kaya. Yaran shago da masu gadi suna kwana a cikin kasuwa. Yaron da ke barci bayan ƙofar ƙarfe ba shi ya ƙi biya ba. Ba zan iya cewa saurayin da muka ɗauka ya naɗe hannu yana jin ihu ba, kuma duk wanda aka sa ya yi haka sau ɗaya, ba zai ƙara zama mutumin da ya fito daga gidansu da safe ba.

Sai dai ba na so ka ɗauka na raina damuwarka. Kai kake yawo da rasit, kai ake ce wa "dawo gobe". Na san akwai mai cinikin miliyoyi da zai hana kuɗin wata, ya dogara da cewa maƙwabta ba za su bar shi ba. Wannan cin haƙƙi ne, kuma dole ya ɗanɗana kuɗarsa. Abin da nake cewa shi ne hukuncinsa ya fito daga aljihunsa, kada ya fito daga wuta.

Ga shawarata. A rubuta tun yanzu, kowa ya sa hannu gaban shugabannin kasuwa, cewa wanda aka kashe wa wuta alhali bai biya ba zai biya duk bashin da ke kansa, da kuɗin ruwa da man da aka ƙona, da tara mai nauyi wadda za ta sa kuɗin wata ya zama abin dariya a kusa da ita. A haɗa karɓar kuɗin da na gadi da na shara, don kada ya zama abin da mutum zai zaɓa. A kuma ware masu ƙaramin ƙarfi, irin gwauruwar da ke sayar da kayan miya a bakin layi, a yafe musu a bayyane. Rashin hali daban, taurin kai daban.

Kada mu manta tankarmu taimakon farko ce kawai. Hukumar kashe gobara ta jiha tana nan, aikinta ne, kuma ba ta tambayar rasit. A liƙa lambarta a kowane layi. A buɗe hanyoyin da tebura suka toshe, domin sau da yawa mota takan iso amma ta rasa ta inda za ta shiga. Alhakin da nake so mu tsananta a kansa shi ne na mai jona waya barkatai, da mai ajiye jarkar fetur kusa da janareta, da mai tafiya gida ya bar soket a kunne, a dawo da wuta tsakar dare.

Ka zo shagona bayan la'asar ranar Laraba da littafin sunayen. Mu zauna mu fitar da adadin tarar tare, mu kai wa shugabanni kafin taro na gaba.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.

Naka,
Babanka na layin 'yan atamfa, Bauchi