Sanarwa: Zaman Tattaunawa na 25 ga Nuwamba

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Za mu yi zaman tattaunawa a nan rukuni ranar 25 ga Nuwamba, ƙarfe 8:30 na dare. Ranar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 1999 don yaƙi da cin zarafin mata, ana tunawa da mata uku ƴan gidan Mirabal da aka kashe a Jamhuriyar Dominikan a 1960. Daga ita ake fara gangamin kwana 16 har 10 ga Disamba.

Batunmu shi ne dukan mata a gidan aure, da yadda mace za ta kawo ƙara ido a kumbure, amma a fara da tambayarta, "Ke me kika yi masa?" A ganina wannan tambayar ce ke rufe bakin mata da yawa.

Kowa ya turo tambaya ko shawara ɗaya kafin 23 ga wata. Don Allah banda kama suna, banda hoton kowa, kuma abin da aka faɗa a nan kada ya fita waje. Maza, ba ƴan kallo ba ne ku, muna son jin ta bakinku.

Allah ya kai mu lafiya. Na gode ƙwarai.

Mai kula da rukuni