Zoɓon da ya tashi, sukari ba ya gyara shi

Malam Edita, assalamu alaikum. A ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana mata masu sana'ar zoɓo, wanda a nan Sudan ake ce wa karkade.

Shekarata 20 ina jiƙa shi a Gadarif. Ran Juma'ar nan jikana ya sayo gora guda a bakin kasuwa, wai ya ga araha. Ina murɗe murfin sai ta yi "fiiis", kumfa ta taso. Ga shi ja jawur gwanin sha'awa, amma duk kanumfarin da aka zabga masa bai rufe wani tsami-tsami ba, irin na kullun da ya kwana biyu. Na taɓa da bakin harshe, na ji yana cizo, na tofar. Na aika wa mai shi, sai ta ce ai sukari ne bai ji ba.

Haba 'yar'uwa! Sukarin nan shi ne abincin yis, irin wanda ke kumbura fanke. Ga zafi ga rashin wuta, kwana biyu sun ishe shi ya fara mai da sukari barasa da iska, iskar ce kuma ke cika gora. In aka bar shi yana shan iska, barasar ta juye ta koma khal, wato ruwan tsamin nan da ake ce wa binega, wari ya daki hanci. Ƙarin sukari kuwa ƙarin tuwo ne ga yis ɗin.

Warin rima daban ne, shi daga buhu yake, zoɓo ya sha danshi ya yi fumfuna. Ni dai na garin Rahad da ke Kordofan nake nema, sai na sansana kafin in biya.

Abin da ya fi damuna addini ne. A Sahihu Muslim, Ibnu Abbas ya ce akan jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya bayar ko a zubar. Mu fa? Tun 1983 shugaban Sudan na lokacin, Numairi, ya sa aka kwarara giya a kogin Nilu, amma kowace Layya sai a jiƙa dabino a yi sharbot, wani gidan a bar shi har ya yi kumfa, a ce maganin nauyin nama ne.

Gorar dai na juye ta a kwata. Yaron har yanzu yana bi na kuɗinsa.

Wassalam,
Wata mai zoɓo, Gadarif