A duba tiredi kafin a saya wa tsohuwar bindigar fenti kaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin masu wuraren wasan harbin fenti, wato wasan da ake harbin juna da ƙwallayen fenti, da masu yi musu gyara. Mai ƙaramin jari kan fara ne da bindigogin fenti na hannu, tsofaffin ƙira irin su Tippmann 98 da ta fito a 1998, da Spyder, da Autococker. Suna da ƙwari, kuma suna karɓar gyara. Abin da ke kashe su shi ne a ɗaura musu kayan da ba nasu ba, a matse da ƙarfin tsiya. Abin takaici ne a ga bindigar da ta yi shekara ashirin tana aiki ta mutu saboda noti ɗaya.

Mu fara da bututu, domin shi kowa ke fara canzawa. Kowane kamfani da irin tiredinsa, wato zaren da ake murzawa a ɗaura kaya. Na Autococker daban, na Spyder daban, har a gidan Tippmann ma na 98 ba ya shiga ƙirarsu ta A-5. Tiredin Autococker shi ne ya fi yawa a kasuwa yanzu, don haka wanda bai sami na bindigarsa ba sai ya nemi mahaɗi mai tiredi biyu, ya ɗaura bututun Autococker a kai. Amma tsawon bututu ba shi ne daidaiton harbi ba. Inci 12 zuwa 14 ya wadatar, abin da ya wuce haka ɓarnar iska ce. Faɗin cikinsa ne abin dubawa. Tsofaffin bututai kan kai .689 na inci zuwa sama, ƙwallayen yau kuwa, duk da ana rubuta musu .68, sun fi na da ƙanƙanta. A cire bututun, a sa ƙwallo ɗaya a ciki. In ya zurare ƙasa da kansa, ramin ya yi masa faɗi. In ya tsaya, kuma hurawa kaɗan da baki ta fitar da shi, an dace. A Autococker wannan ya fi damuwa, saboda ƙwallon na zaune ne a cikin bututu kafin harbi, da an karkata baki ƙasa sai ya gangaro ya faɗi.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ƙananan notina. Tippmann da Autococker ƙirar Amurka ce, ma'auninsu inci. Spyder kuwa da milimita aka ƙera ta. Noti mai lamba 10-32 da mai lamba M5 kamar tagwaye suke a ido. Ka sa M5 a ramin 10-32, zai shiga zagaye biyu ko uku sannan ya ciza. Nan mai gyara zai ɗauko alanki ya ƙara ƙarfi, tiredin jikin bindigar, wanda alminiyom ne mai laushi, ya tafi ke nan. Duk notin da bai shiga da yatsa ba, a dakata. Haka ma kan tiyon iska: na bindigogin Amurka 1/8 NPT ne, mai zare 27 a inci, alhali irin na Ingila, wato BSP, zare 28 gare shi. Zai ɗauru, amma yoyo ba zai daina ba ko an naɗa masa farin tef na masu aikin famfo. Wani abin kuma, ramuka biyun da ke ƙarƙashin mariƙin tsohuwar Spyder a karkace suke, na sauran a layi ɗaya. Sai da farantin mahaɗi kujerar da ake ɗaura tukunyar iska a kai ta wani kamfani za ta zauna.

A ganina, gyaran da ya fi kowanne amfani a ƙasa mai zafi irin tamu shi ne barin iskar gas ta CO2 a koma matsattsiyar iska. Ƙarfin CO2 yana bin yanayi: wajen psi (ma'aunin matsin iska) 800 zuwa 850 a inuwa mai sanyi, da zafi ya haura digiri 31 kuwa sai ya yi ta hawa, gudun ƙwallo ya rikice. In ruwansa ya shiga bawul, yakan daskarar da zoben roba ya tsage shi. Tukunyar iska ta psi 3000 ko 4500 tana zuwa da ragileta mai rage ƙarfin iskar da ke fita, kuma tiredin bakinta ɗaya ne da na CO2. Sai dai a zaɓi mai fitar da kusan 800. Mai fitar da 450 ba za ta iya mayar da gudumar Tippmann 98, wato ƙarfen da ke bugun bawul, baya ba, sai ka ji bindiga tana ta ɓarin ƙara a jere. A duba shekarar da ke jikin tukunya: yawanci ana gwada ta duk shekara 5, mai jikin faiba kuma shekara 15 ce iyakarta. Don Allah kada a toshe ramin fashewar kariya, wanda ke sakin iska in ƙarfinta ya yi yawa, da noti.

Kafin ma a kashe kuɗi kan sabon kaya, a canza duk zobban roba. Na bakin tukunya lamba 015 ne, a nemi mai tauri 90. Iska na fita ta bakin bututu? Ɗan marfin bawul ne ya cinye, ba bawul ɗin duka ba. Man inji, giris ɗin mota da duk wani mai na fetur ba sa kusantar wannan aiki: suna kumbura roba, kuma a bakin cika matsattsiyar iska suna iya kama wuta. Ɗigo biyu ko uku na man da aka yi domin bindigar fenti sun isa.

A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na gaba. Sabon sifirin ko sabon bututu yana sauya gudun ƙwallo, don haka bayan kowane canji a harba ta gaban na'urar auna gudu, mai gwajin yana sanye da abin kare fuska. Kada ya wuce ƙafa 300 a daƙiƙa. Filaye da yawa ma a 280 suke tsayawa.

Na gode.

Naku,
Wani mai gyaran kayan wasan fenti